Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hotonsu a Lambu da Bakin Tafki, Daga Ƙarshen Hunturu Zuwa Farkon Bazara

Tsakanin tsakiyar watan Fabrairu da ƙarshen Maris, lokacin da sanyi yake janye jiki amma zafi bai kai ga tsananta ba, shi ne lokacin da ya fi dacewa mai koyo ya fara wannan aiki a ƙasar Hausa, kuma dalilin hakan ruwa ne. Kududdufai da ƙananan rafuka sun ƙafe, fadamu suna ta tsukewa, saboda haka tsuntsayen da suka warwatsu a daji da damina tilas su taru a inda ruwa ya rage. Ciyawa ta bushe, itatuwa da yawa sun zubar da ganye, ido yana kaiwa nesa. Ban da wannan, baƙin tsuntsayen da suka zo daga Turai da yammacin Asiya tun wajen Satumba da Oktoba suna nan ba su tafi ba, suna ci ba ji ba gani domin tara kitsen da zai ƙetarar da su Sahara, kuma mazan wasu daga cikinsu sun soma fitar da sabon gashi mai launi na lokacin neman mata. Wanda ya fahimci wannan ba zai wahalar da kansa da bin tsuntsu daga bishiya zuwa bishiya ba. Zai nemi ruwa, ya zauna a inda haske ya dace, ya bar tsuntsu ya zo da kansa.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne kan gaba, kuma idan abu ɗaya kawai kuɗinka zai iya saya, shi ya kamata ka saya. A jikinsa za ka ga lambobi biyu, kamar 8x42 ko 10x50. Ta farko tana nuna sau nawa yake girmama abu, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ce a milimita, kuma ita ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga. Ina ba mai koyo shawarar 8x42, domin yana nuna fili mai faɗi, ba ya rawa sosai a hannu, yana kuma gani da asuba kafin gari ya gama wayewa. Ka guji irin waɗanda ake tallatawa a bakin titi da jan gilashi da manyan lambobi a jiki. Ciwon kai kawai za su sa maka.

Kyamara kowace iri ce za ta yi, muddin ana iya ɗaura mata gilashi mai jawo nesa wanda tsawonsa ya kai milimita 300, ko da yake 400 ya fi. Tsohuwar kyamara ta hannu da gilashin 70-300 ta isa mutum ya koyi aikin gaba ɗaya. Akwai kuma ƙananan kyamarori masu gilashi a haɗe waɗanda ke zuƙo abu sau 40 ko 60. Suna da araha da sauƙin ɗauka, kuma suna aiki da kyau idan haske ya wadata, sai dai suna da nawa wajen kama tsuntsun da ke tashi.

Sauran kayan su ne batir na biyu da aka cika shi da caji, katin ajiyar hotuna mai sarari, ƙafar kyamara mai ƙafa uku, famfon roba na hure ƙura da ƙyalle mai laushi, jaka mai rufewa ruf, tabarma, malfa, rufaffen takalmi, ruwan sha aƙalla lita 2, da ƙaramin littafin rubutu da fensir. Idan babu ƙafar kyamara, ka ɗinka ƙaramar jaka ka zuba mata gero ko wake kamar kilo 2. Ana ɗora ta a kan katanga, ko dutse, ko tagar mota, a kwantar da gilashin a kanta, kuma a bakin ruwa ta fi ƙafar kyamara amfani. Tufafi su kasance masu ruwan ƙasa, ko toka-toka, ko kore mai duhu. Farar shadda mai sitaci ita ce mafi munin abin da za a sa, domin tana ƙyalli daga nesa tana kuma ƙara duk sanda aka motsa. Daga ƙarshe kana bukatar littafin gane tsuntsayen Afirka ta Yamma mai zane-zane, ko manhajar Merlin ta waya, wadda kyauta ce. Ka sauko da kundin yankinka a cikinta tun kana gida, saboda a bakin tafki sau da yawa babu sabis.

1. Ka saba da madubinka tun a gida

Ka buɗe ko ka matse hannuwan madubin biyu har abin da kake gani ya zama da'ira ɗaya. Sannan ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙugiyar tsakiya har wani rubutu da ke nesa ya fito sarai a idon hagu. Ka rufe na hagu, ka juya ƙaramin zoben da ke jikin idon dama shi kaɗai har rubutun ya fito. Daga nan ba za ka sake taɓa zoben ba. Kuskuren da kusan kowane mai koyo yake yi shi ne sunkuyar da kai ya dubi madubin kafin ya ɗaga shi, kafin ya ɗago kuwa tsuntsu ya ɓace masa. Ka kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin ya zo ya sami idonka. Ka gwada da kurciyoyin da ke kan wayar lantarki har hannunka ya saba.

2. Ka kafa wurin shan ruwa a lambu ko tsakar gida

Wannan mataki shi ne rabin aikin lambu. Ka samu kasko mai faɗi maras zurfi, ka zuba ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 a tsakiya ba, ka jefa tsakuwoyi ko ƙananan duwatsu biyu ko uku da za su leƙo saman ruwan, domin ƙananan tsuntsaye irin su asisi ba sa shiga ruwan da ba su san zurfinsa ba. Kaskon ƙasa ya fi tasar silba ko robar wanki, saboda ba ya santsi, ba ya ƙyalli, ruwansa kuma yana daɗewa da sanyi. Ka ɗora shi a kan turmi ko bulo, a tazarar taku 3 ko 4 daga wata bishiya ko shuka mai duhuwa, yadda tsuntsu zai sami wurin gudu idan shaho ya kawo farmaki, amma ba kusa ainun ba yadda kyanwa za ta laɓe ta yi tsalle.

Idan kana son tsuntsaye su gano wurin da sauri, ka huda ƙasan jarka da allura, ka cika ta da ruwa, ka rataye ta a saman kaskon ta riƙa ɗiga. Ƙarar ɗigon da motsin ruwan suna jawo tsuntsun da ba zai kula da ruwan da ke kwance ba. A gefen kaskon, ɗan sama da shi, ka kafa busasshen reshe mai kyan gani. Yawancin tsuntsaye kan sauka a kan reshe su duba hagu da dama kafin su sauko ruwa, kuma a wannan ɗan tsayawar ne ake samun hoton da babu kasko ko bulo a cikinsa. Ka tabbata abin da ke bayan reshen, ko ganye ne ko katangar ƙasa, yana da nisan mita 4 ko fiye, domin da haka ne zai narke ya zama launi ɗaya tsuntsun ya fito fili.

Ana iya watsa gero ko tsaki kaɗan a ƙasa, a kuma soke ɓarin nunanniyar gwanda a jikin reshe saboda masu cin 'ya'yan itace. Kada a ba su burodi ko ragowar abinci mai gishiri da mai, kuma kada a zuba hatsin da ya fi abin da za su cinye a yini, don kada a tara ɓeraye. A canja ruwan kowace rana, a goge kaskon da soso ba tare da sabulu ba, saboda sauro da cututtukan da tsuntsaye ke yaɗa wa juna a wurin sha. Wanda yake kiwon kaji ya nesanta kaskon daga akurkinsu. Abu na ƙarshe, wanda ya fara ba tsuntsaye ruwa a wannan lokaci ya daure ya ci gaba har ruwan sama ya sauka, domin a watan Afrilu ne suka fi bukatarsa.

3. Ka yi maɓoya ta fuskar da haske ya dace

Rana ta kasance a bayanka. Idan da safe za ka riƙa zama, maɓoyarka ta kasance gabas da kaskon kana fuskantar yamma. Idan da yamma ne, akasin haka. Zana ko asabari da aka jingina a kan sanduna biyu, aka huda masa ƙofa daidai tsayin reshen, ya wadatar, haka ma tagar ɗaki da aka saki labule aka bar 'yar kafa. Tazarar mita 4 zuwa 6 ta dace da gilashin milimita 300. Ka kafa maɓoyar ka bar ta kwanaki kaɗan ba ka shiga ba, har tsuntsaye su ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na gidan.

4. Ka saita kyamara kafin tsuntsu ya zo

Abu uku ne ke haɗuwa su ba da hoto: saurin ƙiftawar kyamara, faɗin ƙofar da haske ke shiga, da lambar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske. A harkar tsuntsaye sauri shi ne babba, don haka ka juya kyamarar zuwa S, ko Tv a kyamarorin Canon, inda kai ne ke zaɓar sauri ita kuma ta daidaita saura. Tsuntsun da ke zaune a reshe yana bukatar 1/500 na daƙiƙa, mai tafiya ko wanka 1/1000, babban tsuntsu a sama 1/2000, ƙarami a sama kuwa har 1/3200. Ka bar ISO ta riƙa sauya kanta, amma ka sa mata iyaka a 1600 idan kyamarar tsohuwa ce, ko 3200 zuwa 6400 idan sabuwa ce. Masu koyo suna tsoron ɗaga ISO saboda ɗige-ɗigen da take sa wa hoto, alhali hoto mai ɗige-ɗige ana iya gyara shi, wanda motsi ya dagula kuwa sai shara.

Ka zaɓi saitin da ke bin abu yana motsi, wanda Nikon da Sony suke rubutawa AF-C, Canon kuma AI Servo, ka taƙaita shi zuwa ɗigo ɗaya, ka ɗora ɗigon a kan idon tsuntsu. Idan ido ya fito sarai, mai kallo zai yafe wa jela da fiffike. Idan bai fito ba, babu abin da zai ceci hoton. Ka kunna ɗauka a jere, ka kashe ƙarar saiti da fitila. Idan kyamararka tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ya fi karɓar gyara, ka yi amfani da shi, musamman a ranar hazo.

Wanda ba shi da kyamara sai waya, ya matso da maɓoyarsa, ko ya jingina wayar a tazarar taku ɗaya daga kaskon ya kunna bidiyo ya koma ɗaki, daga baya ya ciro hotuna daga ciki. Ana kuma iya manna idon wayar a kan ido ɗaya na madubin hangen nesa bayan an kwantar da madubin a kan jakar gero an saita shi. Jawo hoto da yatsu biyu a fuskar waya ba ya ƙara komai sai dishi-dishi.

5. Zaman lambu

Ka shiga maɓoya kafin rana ta fito, wato wajen ƙarfe bakwai saura kwata a Kano a watan Fabrairu, da ɗan wuri fiye da haka idan Maris ya yi nisa. Kurciya da gwara su ne kan fara zuwa. Kada ka ɗaga kyamara a kansu da farko. Ka bar su su sha su yi wanka, domin natsuwarsu ce ke tabbatar wa masu tsoro cewa wurin lafiya yake. Bayan su sai asisi, bardo mai doguwar jela, kanari, wani lokaci da hasbiya daga kan soro. Idan akwai zogale mai fure, ko kauci a jikin wata bishiya, ko ɗorawa da ta saki jajayen furanninta, sha-kauci zai riƙa zuwa, kuma yana da al'adar zagayawa ya dawo kan fure ɗaya, don haka ka saita a kan furen ka jira shi maimakon ka bi shi da gilashi. Ɓaure, cediya ko durumi mai nunannun 'ya'ya kuwa yakan tara cilakowa da tsirya da wasu da dama a safiya ɗaya. Tsanwaka tana son busasshen reshe mai tsawo ko turken waya, tana dirowa ƙasa ta kama fara ta koma inda ta taso.

Duk motsin da za ka yi, ka yi shi a hankali kuma lokacin da tsuntsu ya sunkuya shan ruwa. Daga wajen ƙarfe goma haske yakan yi kaifi, inuwa ta yi baƙi a ƙarƙashin tsuntsu, sai a ajiye kyamara a ci gaba da kallo da madubi, domin da tsakar rana ne ƙishirwa ke kawo waɗanda ba a saba gani ba.

6. Zaɓen tafki da neman izini

Wurin da ya fi kowane shahara a arewacin Najeriya shi ne fadamar Hadeja da Nguru, a tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, inda aka rubuta nau'in tsuntsaye fiye da 300. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta shigar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000, sannan Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, saboda haka shiga cikinta sai da izini da ɗan rakiya. A Nijar akwai tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi, da Gidimuni a yankin Damagaram, da Tabalak a yankin Tawa. Amma mai koyo ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Bagauda, Tiga, Challawa, Kangimi, Dadin Kowa, ko ma fadamar bayan gari inda ake noman rani, kowanne yana da abin gani. A madatsun ruwa, ka nufi wutsiyar dam ɗin inda rafi ke shigowa, domin can ne ruwa ba shi da zurfi kuma taɓo ya fito. Gefen bango mai zurfi ba ya tara komai.

Kafin ka je ko'ina ka binciki halin tsaron hanyar da wurin daga bakin mutanen yankin, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Idan ka isa, ka gaida mai unguwa ko sarkin ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna musu hotunan da ke cikin kyamararka. Baƙo mai dogon gilashi a bakin ruwa abin zargi ne idan bai gabatar da kansa ba. Masunta da masu lambu sun san inda dinya ke kwana da inda agwagi ke sauka da yamma fiye da kowane littafi, kuma ɗan abin goro ga wanda ya raka ka haƙƙinsa ne. Kada ka nuna kyamara ga bangon dam, ko gada, ko shingen jami'an tsaro, ko mata masu wanki da wanka, kada kuma ka taka kwamin albasa ko tumatirin mutane don neman kusurwa.

Ziyarar farko ta zama ta leƙe. Ka zagaya da madubi kawai, ka lura da inda tsuntsaye suke kiwo, da inda sawunsu da kashinsu suka yi yawa a kan taɓo, da wurin da za ka iya zama gabas da su.

7. Matsayi: rana da iska

Ka isa tun da sauran duhu, ka shimfiɗa tabarma a gabashin wurin da ka zaɓa, ka zauna ko ka kwanta rub da ciki, gilashin yana kan jakar gero. Hoton tsuntsun ruwa yana kyau ne idan kyamara tana daidai tsayin idonsa. Wanda aka ɗauka daga tsaye yakan nuna bayan tsuntsu da taɓo kawai. Akwai kuma wata sa'a da wannan lokaci ya ba mu. Tsuntsaye suna tashi suna kuma sauka ne suna fuskantar iska, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya zauna a gabas ko arewa maso gabas da safe, rana da iska duka suna bayansa, don haka tsuntsun da ke sauka zai fuskanto shi da haske a ƙirjinsa. Da yamma wannan dacewa ba ta samuwa, shi ya sa na fi son safiya ga masu tashi, yamma kuma ga masu tsayuwa.

Idan hazo ya yi kauri, kada ka fasa fita. Haskensa yana da laushi, yana kuma daɗewa bai yi kaifi ba, sai dai duk abin da ke nesa zai fito fari-fari, saboda haka ka taƙaita ga na kusa ka kuma cire sararin sama daga hoton. Abin da ba shi da magani shi ne kawalwalniya. Da zarar ƙasa ta yi zafi iskar da ke samanta takan riƙa rawa, kuma ko gilashin miliyoyin naira ba zai ba da hoto mai kaifi ta cikinta ba.

Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa, musamman inda akwai ciyayi da dodon koɗi, saboda tsargiya. Ka buga ciyawa da sanda kafin ka shimfiɗa tabarma. A wuraren da aka san akwai dorina, irin su Dadin Kowa, ka bi maganar masunta sau da ƙafa, kuma idan za ka shiga kwalekwale ka sa rigar kariya, kyamara kuma tana cikin leda har sai an tsaya.

8. Idan dole ne ka matsa kusa

Zama ya fi, amma wani lokaci garken yana can gefe. Ka matsa a duƙe, a karkace, ba kai tsaye ba, taku kaɗan sannan ka tsaya, kuma kada ka zuba musu ido. Tsuntsu yana nuna damuwarsa kafin ya tashi: zai daina kiwo, ya miƙe wuya, ya juya maka gefe yana kallonka da ido ɗaya, ya soma takawa yana nisa. Da ka ga haka ka tsaya cak har ya koma kiwo; idan bai koma ba, ka kai iyakarka. Inda hanya ta bi bakin ruwa, mota maɓoya ce mai kyau, muddin an kashe inji ba a kuma buɗe ƙofa ba.

Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tona asiri. Idan ya tashi yana kewaya kanka yana kururuwa, duk bakin ruwan ya san da zuwanka, kuma mai yiwuwa kana kusa da ƙwansa ne, domin a ƙasa yake yin su a wannan lokaci na rani. Ka ja da baya nan take, saboda ƙwan da uwa ta tashi daga kansa a zafin Maris ba ya daɗewa rana ta kashe shi. Haka nan kada ka jefa dutse, ko ka sa yara su kori garke don ka sami hoton tashi. Ƙaramin tsuntsun da zai ƙetare Sahara yakan ƙara kitsen da ya kai rabin nauyin jikinsa ko fiye kafin ya kama hanya, kuma kowane tashin firgita yana cin wani abu daga wannan guzuri. Idan ka ga matattun tsuntsaye ko marasa lafiya, kada ka taɓa su, ka sanar da ma'aikatan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta sha ɓulla a Najeriya tun 2006.

9. Gyaran haske ga tsuntsayen ruwa

Kyamara tana auna hasken fili gaba ɗaya ne, don haka farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu yakan fito fari fat babu alamar gashi. Ga balbela, jinjimi da kwasakwasa, ka nemi maɓallin da ke da alamar +/- ka rage zuwa -0.7 ko -1. Ga tsuntsun da ke sama, kamar shirwa, ko baƙin tsuntsu a kan ruwa mai ƙyalli, ka ƙara zuwa +1. Ka duba hoton farko a fuskar kyamara, ka gyara, kuma ka tuna ka mayar da shi sifiri idan ka gama.

Ka fara da masu haƙuri. Zalɓe yakan tsaya tamkar an dasa shi, kuma idan ya soma karkata wuya yana sunkuyawa a hankali, sara ya kusa, sai ka danna a jere. Taka-bado yana yawo a kan ganyen bado da dogayen yatsunsa, kuma hotonsa bai cika ba sai yatsun sun fito. Kirinjijiya takan taru da yawa a tsibirin taɓo tana fito. Akwai kuma ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi, mai baƙi da fari, wanda ke tsayawa wuri ɗaya a sama yana kaɗa fiffike kafin ya faɗa ruwa. Shi ne mafi sauƙin wanda za a koyi ɗaukar tashi da shi. Ga sauran masu tashi, ka kama tsuntsu a gilashi tun yana nesa, ka bi shi da juya ƙugunka gaba ɗaya, ka ci gaba da binsa ko bayan ka danna. Ka bar sarari a gabansa fiye da bayansa.

10. Gane tsuntsu da rubuta shi

Najeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, amma a wuri ɗaya 'yan kaɗan ne za ka riƙa haɗuwa da su kullum, kuma su za ka fara sani. Idan ka ga wanda ba ka sani ba, kada ka buɗe littafi yana gabanka. Ka kalle shi, ka rubuta girmansa ta hanyar gwada shi da gwara, kurciya, hankaka ko zalɓe. Sannan siffar baki, tsawo da launin ƙafa, alamar da ke kai da fiffike, yadda yake kiwo, da kukansa. Launi shi ne na ƙarshe, domin yana yaudara. Namijin mulufi da ke ja wur da damina, da zalaidu mai doguwar jela, duk a wannan lokaci sun koma ruwan ƙasa kamar matansu, masu koyo kuma sukan rubuta su a matsayin gwara.

A cikin baƙi, nemi ƙaramar agwagwar da namijinta yake da farin layi mai lanƙwasa daga saman ido zuwa ƙeya, wadda littattafan Turanci suke kira garganey. Tana cikin masu fara tafiya, don haka a Fabrairu ake nemanta. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke caccakar taɓo garke-garke a gonakin shinkafa, da ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke kaɗa jela yana bin ƙafafun shanu, wanda launinsa ke ƙara fitowa a Maris. Sa'ad da waɗannan suke ƙarewa, shamuwa tana isowa daga kudu gab da damina. Abin da manhaja ta gaya maka shawara ce. Ka gwada shi da hoton da ka ɗauka da taswirar inda tsuntsun yake rayuwa kafin ka yarda.

11. Bayan an dawo gida

Ka hure ƙurar jikin kyamara da ta gilashi da famfo kafin ka sa ƙyalle, domin goge gilashi da ƙurar hunturu a kansa yana karce shi. Saboda wannan ƙurar ce kuma ba a canja gilashi a fili. Idan ya zama dole, a yi shi a cikin mota ko cikin jaka. Ka kwafe hotunan zuwa wuri biyu kafin ka share katin. Ka girmama kowane hoto ka dubi idon tsuntsun, ka zubar da duk wanda bai fito ba, sai fa idan shi kaɗai ne shaidar wani tsuntsu da ba ka gane ba. Wajen gyara, ka yanke gefe kaɗan, ka ƙara bambancin haske da duhu idan hazo ya dushe hoton, amma kada ka ƙara launi har tsuntsun ya daina kama da kansa. Sunan kowane kundi ya ƙunshi kwanan wata da wuri.

Jerin abin da ka gani yana da amfani ga masu bincike. Ana shigar da shi a eBird, shafin intanet na tara bayanan tsuntsaye, ko ta manhajar BirdLasser zuwa shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos take jagoranta. Idan hotonka ya nuna zobe a ƙafar tsuntsu, ka girmama shi ka karanta lambobi ko jerin launukan, ka aika wa cibiyar tare da kwanan wata da wurin, domin da haka ake gano ƙasar da aka sa masa zoben. Idan kuwa ka ci karo da sheƙar ungulu, ko ka ga gauraka, waɗanda dukansu sun yi ƙaranci ƙwarai kuma masu kama su don sayarwa suna nemansu, ka sanar da masu binciken kai tsaye, amma a Facebook da WhatsApp ka sa hoton kawai ba tare da sunan ƙauyen ba, ka kuma kashe alamar wuri a wayarka kafin ka tura.